Bakancen Askale

Gidan zuhudu na Mika'ilu, bakin Tafkin Tana
Watan Tikimt

Gashe Admasu, ɗan'uwana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Etiye Mulu da duk mutanen gida. Ni lafiya lau nake, godiya ga Allah, sai dai ƙafafu sun kumbura har takalmi ya ƙi su, yanzu a hannu nake yawo da shi.

Yaya jikin Damte? Ka gaya mini gaskiya. Kada ka yi mini irin amsarku ta teloli, mutum ya zo karɓar riga ku ce saura maɓalli alhali ko yadin ba ku yanka ba. Yana cin abinci? Tarin yana barinsa ya runtsa? Kakarka da kakata ciki ɗaya suka fito, shi ya sa na bar maka ɗana da jikata ban bar wa maƙwabta ba, shi ya sa kuma nake da bakin yi maka faɗa.

Ga gora nan na ba Alamiru mai fataucin gishiri, ruwan tsarki ne na idon ruwan Mika'ilu. A ba Damte da safe kafin ya sa komai a baki, a shafa masa saura a ƙirji. In ya yamutsa fuska ka ce in ji ni ya shanye.

Nan mu mata rumfa ɗaya muke kwana, kowacce da abin da ya koro ta daga gida. Sau ɗaya ake cin abinci, bayan an fito daga coci rana ta karkata, soyayyen sha'ir ne cikin tafin hannu da ɗan wake. Wani tsohon Abba, cikin malaman zuhudun nan, ya tambaye ni me nake nema. Na ce ɗana. Ya ce, "Ina ya tafi?" Na ce yana gida a kwance. Ya dube ni ya ce, "To ke me kike yi a nan?" Ya yi dariya ya sa mini albarka ya wuce, amma maganar ta tsaya mini a ƙirji. Na san matan unguwa ma abin da suke faɗa ke nan. Su faɗa. Likita ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ni kuwa ban iya zama in naɗe hannu ba.

Na yi wa Uwargida Maryamu bakance a kan Damte. Kada ka tambaye ni na mene ne, tsakanina da ita ne. Daga nan gidanta na kan dutse zan wuce in yi kwanakin keɓewa, can za ka aiko mini da amsa.

Jikata Wubit kuma a riƙa tsefe mata kai ranar Asabar, ko da za ta yi kuka.

'Yar'uwarka,
Askale

*

Gult-Amba
Watan Hidar

Warku ƙanena,

Ina gaishe ka, kai da iyalinka da ɗalibanka na Gondar. Mu nan jiki lafiya, zuciya ce babu daɗi. Damte ɗan Askale ya rasu ranar Talata da hantsi, mun binne shi a harabar coci kafin rana ta faɗi. Uwarsa ba ta sani ba.

Nauyin kai mata merdo, wato saƙon mutuwa, ya hau kanmu. Ka san ba a sanar da uwa mutuwar ɗanta a takarda, tana ita kaɗai cikin baƙi. Sai an je da dattawa, a kwana kusa ba ta sani ba, da asuba a buga mata ƙofa, a zaunar da ita a faɗa mata, ga hannuwan da za su riƙe ta. Ni ba ni da halin tafiya. Rumfar makoki tana ƙofar gidana, mutane suna ta zuwa, gwiwata kuma ka san halinta. Kai ka fi kusa. Ka nemi Ato Bogale da wani dattijo cikin danginmu na can, ku same ta a gidan zuhudu na Maryamu da ke kan dutse.

Na aika mata da takarda don ta zauna wuri ɗaya har ku iso, kuma abin da na rubuta a ciki yana damuna. Da niyyata in ce jikin yana nan yadda yake. Amma na san Askale, in ta ji haka cewa za ta yi addu'ar wurin ba ta isa ba, ta ɗauki sandarta ta ƙara gaba, ku yi ta bin sawunta. Sai na ce ya samu sauƙi. Da na fara kuma hannuna ya ƙi tsayawa. Na karanta wa Mulu, ta ce, "Ɗinkin nan naka ya yi yawa, Admasu." Na ce ta rabu da ni, na 'yan kwanaki ne.

Ta ce ta yi bakance. Ba zai wuce kyandir ko laimar coci ba, irin na mata. Ku bar ta ta kai kayanta kafin ku faɗa mata. Don Allah kada ka yi irin nawarka.

Yayanka,
Admasu

*

Gult-Amba
Watan Hidar

Askale 'yar'uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso tare da gorar, mun gode. Mu duka lafiya, Mulu tana gaishe ki, ta ce ki riƙa jiƙa ƙafafun a ruwan ɗumi da gishiri.

Damte ya samu sauƙi. Ruwan ya sha, ya ce ƙarnin kifi yake yi, amma ya shanye. Tarin ya ragu sosai. Jiya ya ci gurasar injera da miyar shiro har ya nemi ƙari, ya fito bakin ƙofa da ƙafarsa ya sha hantsi, ya yi wa Wubit faɗa a kan ta bar maraƙi ya shiga lambu. Ya ce a gaishe ki.

Saboda haka ki kwantar da hankalinki. Ki zauna nan inda kike ki huta, kada ki ƙara gaba ko'ina. Warku yana da hanya ta wajen, zai biyo ya gaishe ki, sai ku taho gida tare. Ina roƙonki ki jira shi, ko da ya ɗan jinkirta.

Ana tsefe wa Wubit kai, tana kuma yin kukan.

Ɗan'uwanki,
Admasu

*

Gidan zuhudu na Maryamu, kan dutse
Farkon watan Tahsas

Gashe Admasu,

Ina gaishe ka gaisuwar da ban taɓa yi maka ba. Allah ya ƙara maka lafiya, ya warkar da gwiwar nan, ya sa allurarka kada ta karye. Ni lafiya nake, ƙafafun ma sun saɓe, ko kuma murna ce ta sa na daina jinsu.

Takardarka ta same ni ina niƙa a ɗakin girki. Na karanta, na sake karantawa, na fita da gari a hannuna na faɗi a ƙofar coci, na yi ta guɗa har wata Emahoy, cikin mata masu zuhudu, ta zo ta ce in tuna inda nake. Ya nemi ƙari, ka ce. Yaron da na yi wata da watanni ina roƙo ya haɗiye loma ɗaya.

Yanzu zan iya gaya maka bakancen. Cewa na yi da ita, in kin tashe mini Damte, na ba ki sauran kwanakina, zan karɓi hular zuhudu. Ta cika nata, saura nawa.

Na san abin da za ka ce. Wai in zauna in jira Warku. Na gane ka sarai, Gashe, so kake ya zo da bakinsa na malaman makaranta ya lallashe ni ya kai ni gida. In na ga fuskar Damte, Wubit ta riƙe mini zane, ba zan iya fitowa ba, na san kaina. Wadda kuma ta ci bakance, a kan ɗanta abin yake komawa. Tsoron da nake ji ke nan, shi ya sa ba zan jira kowa ba.

Akwai wasu mata masu zuhudu da suka zo daga gidansu na jeji, can ƙetaren Kogin Takaze, jibi za su koma, da su zan tafi. Wadda ta karɓi hula a can ba ta sake komawa gida, ko biki ko mutuwa. Na zaɓi can ne don kada zuciyata ta riƙa saƙa mini hanya. Babbarsu ta ce gwauruwa mai furfura irina ba a ja mata rai, ranar idin Maryamu na watan Tir za a yi. Za a kwantar da ni a lulluɓe, a karanta mini addu'ar mamaci ina ji, in tashi da wani suna.

Damte ya warke, shi zai riƙe 'yarsa. Ka matsa masa ya ƙara aure, uwar Wubit ba dawowa za ta yi ba. Saniyata ta Wubit ce. Ka ce masa ya yafe mini, ranar da zan fito yana barci na tarar da shi, na kasa tashinsa.

'Yar'uwarka mai godiya,
Askale

*

Gondar
Watan Tahsas

Yaya Admasu,

Gaisuwa. Muna lafiya, sai gajiyar hanya. Mun makara.

Ban samu tashi da wuri ba. Jarrabawar yara ta riƙe ni, Ato Bogale kuma ya ce ba inda za shi sai ya gama sussukar hatsinsa na tef. Na ce ai tunda ka zaunar da ita ba gaggawa. Mun kwana a gindin dutsen, da asuba muka hau. Emahoy mai tsaron ƙofa ta dube mu, maza uku lulluɓe da mayafi babu mai ɗaga kai, ta ce, "Wa ya mutu?" Ato Bogale ya ce ziyara muka zo. Ta ce, "Na tsufa da wannan wasan. Wurin wa kuka zo?" Da muka ce Askale sai ta nemi dutse ta zauna. Ta ce, "Wadda ta yi mana guɗa?"

Ita ta gaya mana inda Askale ta tafi da abin da ta je yi. Ina jin takardarta ta iso ka yanzu, ka san zancen. Ba kyandir ba ne, Yaya.

Dattawan sun ce ba za su haye Takaze ba, tafiyar ƙafa ce ta kwanaki cikin ƙasar zazzaɓi, kuma ban ga laifinsu ba. Ni makaranta ba za ta ƙara ba ni izini ba sai hutu, lokacin an riga an gama. Amma akwai masu kai wa gidan zuhudun jejin hatsi a kan alfadarai daga Dabark, suna karɓar saƙo.

Shawarata ka rubuta mata gaskiya ka aiko, ni zan kai Dabark da hannuna. Na san ba a yi. To amma abin da ka rubuta mata ma ba a yi, cewa ake jiki ya tsananta, a zo gida, ba a ciyar da mamaci injera. Nawa laifin na san shi, ba sai ka tuna mini ba.

Ƙanenka,
Warku

*

Gult-Amba
Farkon watan Tir

Askale,

Ina gaishe ki. Muna nan da rai. Kafin ki ci gaba da karantawa ki nemi wata mata ta zauna kusa da ke, ina roƙonki da Allah.

Damte ya rasu. Tun watan Hidar, kafin in rubuta miki waccan takardar. Kada ki karɓi hular.

Ruwan ya sha, wannan gaskiya ne, maganar ƙarnin kifi ma shi ya faɗa. Sauran duk ni na ƙirƙira. Bai ci injera ba, bai fito bakin ƙofa ba. Da hantsi ne, Mulu tana riƙe da kansa, ni ina gefe. Ya tambaye ni labarinki, "Emaye ta kai wane coci yanzu?" Na ce na Maryamu. Ya ce, "Za ta gajiyar da waliyyan nan." Bai ƙara magana ba. Firist ya samu zuwa a kan lokaci, an yi masa komai. Arba'in ma mun yi, mutane sun zo da yawa.

Na yi miki ƙarya ne don ki zauna wuri ɗaya har Warku da dattawa su iso da merdo. Na ɗauka bakancenki kyandir ne. Da takardarki ta zo na karanta ta a bakin keken ɗinki, na kasa tashi, Mulu ta ƙwace ta sa aka karanta mata, tun ranar ba ta yi mini magana ba sai ta dole. Na je wurin firist na ce zan rubuta miki. Ya ce, "Za ka kashe ta ita kaɗai a jeji." Na ce in na yi shiru kuma da ranta zan binne ta. Ya ce in yi abin da zan iya ɗauka. Ban san ko zan iya ɗauka ba, ga shi dai na rubuta.

Bakancenki a kan warkewarsa ne, bai warke ba, babu abin da ke kanki. Wubit ta san ubanta ya tafi, tana wurin aka ɗauke shi. Ba ta da kowa yanzu sai ke. Muna kula da ita, amma da ta ji motsin sanda a waje sai ta fita a guje.

Ki zage ni yadda kike so, amma ki zo gida ki yi shi. Kunya da baƙin ciki sun hana ni sakat, kuma na san nawa bai kai komai ba a kan naki.

Admasu

*

Gidan zuhudu na jeji, ƙetaren Takaze
Watan Yekatit

Gashe Admasu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Etiye Mulu. Allah ya saka mata, ita da ta riƙe kan Damte. Na yi zazzaɓi da zuwana, na tashi.

Masu alfadarai sun yi jinkiri a hanya. Takardarka ta zo ta tarar da kaina a aske, hular tana kai. Ban nemi wata ta zauna kusa da ni ba, idona ya riga ya sauka ƙasa kafin in gama layin farko. A bayan rumbu na karanta, ni da kaji.

Na je wurin babbarmu da takardar. Na ce an cuce ni, na biya ba a ba ni ba. Ta ce, "Kasuwa kika zo?" Na ce ina da jika. Ta ce hula in ta hau ba ta sauka, an riga an karanta mini addu'ar, ita ba ta da ikon mayar da ita. Ba muguwar mata ba ce. Ta ɗauke mini aikin niƙa, ta sa ana kwana kusa da ni.

Na zage ka, kada ka ce ban yi ba. Na zage ka har na kai kan kakarka, sai na tuna 'yar'uwar kakata ce na dawo. Lokacin da ya kamata ka yi shiru ka yi mini surutu, lokacin da ya kamata ka zo da ƙafarka ka aiko takarda. Amma ka ce in jira, ban jira ba. Kuma tunda ka faɗi taka gaskiyar, ga tawa. Ba neman ruwan tsarki kaɗai ya fitar da ni daga gida ba, tarin nan ne na kasa ci gaba da ji. Ko'ina na sauka sai in ji sauƙin nisa, in ji kunyar sauƙin, in ƙara gaba. Damte ya tambayi inda na kai, ni kuwa ina kan dutse ina jin daɗin shirun wurin. Ban yafe maka ba tukuna, amma ban san da wace fuska zan riƙe ka ba.

Wubit ta zama taku, kai da Mulu. Kada wanda ya ce mata na kusa dawowa. A gaya mata ina da rai, ina inda ba a dawowa, ba kuma don ta yi wani laifi ba ne. In ta girma ta so ganina, a kawo ta.

Saura abu ɗaya, kuma ba roƙo ba ne. Ban yi kuka ba. Ba zan yi wa ɗana kuka a bayan rumbu ni kaɗai ba kamar wadda ba ta da dangi. Babbarmu ta yarda a zo mini bakin ƙofa sau ɗaya bayan babban azumi. Kai za ka zo, ba Warku ba, da gwiwar taka, ko ɗaure ka za a yi a kan alfadari. Ka taho da dattawa, ka taho da Mulu. Ku kwana a bakin kogi, da asuba ku buga ƙofa ku ce a kira ni, ku zaunar da ni, ka dube ni ka faɗa mini da bakinka. Takarda ba ta isa ta gaya mini ɗana ya mutu ba.

A nan kowace safiya muna kiran sunayen namu a addu'a, masu rai daban, matattu daban. Har ranar da za ka iso, cikin masu rai nake kiran Damte. Na san zunubi ne, kuma ni da kai za mu raba shi. Kada ka daɗe.

Emahoy Walatta-Kidan,
wadda ka sani da Askale